Na kulle fayil an goge shi, wata folda kuma ni ne admin amma ta ƙi goguwa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in maimaita tambayar taka yadda na fahimce ta saboda masu karantawa. Ka ce a ofis ɗinku akwai kwamfuta mai Ubuntu da kowa ke shiga da akawun ɗinsa, kuna da folda ɗaya ta kowa da kowa, ka ajiye fayil ɗin lissafin albashi a ciki ka yi masa chmod 444, wato umarnin da ke mayar da shi na karatu kawai, don kar wani ya taɓa, sai kawai ka tarar wani abokin aikinka ya goge shi alhali shi ba root ba ne, wato babban akawun mai iko da komai, kuma ba shi da sudo, umarnin da ake aron ikon root da shi. Sannan a laftof ɗinka mai Windows akwai wata tsohuwar folda a D: da ta rage tun kafin a yi maka fomatin, kai ne admin amma duk sanda ka danna Delete sai ta ce maka "You need permission to perform this action". Shi ne kake tambaya wai wannan izinin na fayil yana da wani amfani kuwa, tunda wanda ka kulle an goge, wanda kake son gogewa kuma ya ƙi.

Yana da amfani sosai, kawai dai wurin da kake kallo ne ba nan maganar take ba. Mu fara da Ubuntu ɗin don a nan abin ya fi fitowa fili.

A Linux da duk dangin Unix, har da macOS, goge fayil ba aiki ba ne da ake yi wa fayil ɗin kansa, aiki ne da ake yi wa foldar da yake ciki. Folda ba komai ba ce illa jerin sunaye, kowane suna an haɗa shi da wata lamba da ake ce wa inode, ita wannan inode ɗin ce ke riƙe da bayanin wane ne mai fayil ɗin, izininsa, girmansa, da inda abin da ke cikinsa yake kwance a diski. Ka buga ls -i za ka ga lambar a gefen kowane suna. Toh idan ka ce rm, wato umarnin gogewa, abin da sistem ke yi kawai shi ne ya cire layin sunan nan daga jerin foldar, shi ya sa ma umarnin da ke ƙarƙashinsa sunansa unlink. Tunda jerin foldar ake canzawa, izinin foldar za a duba, a ga ko kana da w da x a kanta, wato izinin rubutu da na ratsawa, ba ruwan sistem da abin da ka rubuta a jikin fayil ɗin. Kamar akwati ne da ka ɗaura wa kwaɗo ka ajiye a ɗakin da kowa ke da makullinsa, kwaɗon zai hana a buɗe a canza abin da ke ciki amma ba zai hana wani ya ɗauki akwatin gaba ɗaya ya fitar da shi waje ba.

Ka gwada da hannunka yanzun nan, ba zai ɗauke ka minti biyu ba. Buɗe Terminal ka buga mkdir gwaji, sai echo salam > gwaji/albashi.txt, sai chmod 444 gwaji/albashi.txt, sannan rm gwaji/albashi.txt. Zai tsaya ya tambaye ka "rm: remove write-protected regular file 'gwaji/albashi.txt'?" kana danna y ka buga Enter shikenan ya tafi. Wannan tambayar da ya yi maka ba tsaro ba ce, ladabi ne kawai irin na manhajar rm, idan ka saka -f ko tambayar ma ba zai yi ba. Yanzu ka juya abin, ka sake ƙirƙirar fayil ɗin, ka ba shi chmod 777 wato ka buɗe shi ga duniya gaba ɗaya, ita kuma foldar ka yi mata chmod 555 gwaji, ka sake buga rm. Sai ka ga "rm: cannot remove 'gwaji/albashi.txt': Permission denied", alhali fayil ɗin naka ne, kai ka ƙirƙire shi da hannunka kuma yana buɗe ga kowa. Idan ka gama ka yi chmod 755 gwaji sai ya gogu.

Ga waɗanda lambobin ke rikitawa, r huɗu ne, w biyu, x ɗaya, ana haɗa su ne sau uku, na farko mai fayil, na biyu rukuninsa, na uku sauran jama'a. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne ma'anar haruffan tana canzawa idan a kan folda suke. r a folda yana nufin ka iya ganin jerin sunayen da ke ciki, x yana nufin ka iya ratsawa ta cikinta ka isa ga abin da ke ciki, w kuma shi ne ka iya ƙara suna, ka canza suna, ko ka cire suna. Babu wani harafi daban na gogewa, duk wanda ka ba shi damar ajiye sabon fayil a folda toh ka ba shi damar goge duk abin da ya tarar a ciki, na kowa ne. Kuma ka kula, ls -l yana nuna maka izinin abubuwan da ke ciki ne, idan izinin foldar kanta kake son gani sai ka ce ls -ld da sunanta. Ina kyautata zaton idan ka yi wa foldar ofis ɗinku haka za ka ga drwxrwxrwx ko drwxrwxr-x, kuma shi abokin aikin naka yana cikin rukunin.

Akwai abin da ya fi gogewar ma tayar min da hankali a irin wannan tsarin, musamman da ka ce fayil ɗin albashi ne. Wanda zai iya goge fayil a folda zai iya musanya shi. Tunda 444 ya ba kowa damar karantawa, sai mutum ya kwafe shi, ya canza lamba ɗaya a kwafin, ya goge na asalin, ya mayar da nasa da suna iri ɗaya, kai kuma ka zo ka buɗe ka ci gaba da aiki ba ka san an taɓa ba sai dai in ka lura sunan mai fayil ɗin ya canza a ls -l. Umarni irin sed -i ma haka yake aiki, yana rubuta sabon fayil ne a gefe ya ɗora shi a kan sunan tsohon, don haka yana "gyara" fayil mai 444 lafiya lau matuƙar foldar a buɗe take. Haka kuma ta ɗaya ɓangaren, ka kulle folda da 555 ka bar fayil da 666, ba za a iya cire sunansa ba amma kowa zai iya buɗe shi ya share duk abin da ke ciki ya bar maka fanko mai girman sifili. Kenan kulle ɗaya ba ya isa, na folda yana kare sunan, na fayil yana kare abin da ke ciki.

Toh mene ne mafita a folda ta tarayya? Masu Unix sun daɗe da cin karo da wannan matsalar saboda /tmp, inda dole kowa ya iya rubutu amma bai kamata wani ya goge na wani ba. Ka buga ls -ld /tmp za ka ga drwxrwxrwt, wannan t ɗin na ƙarshe shi ake kira sticky bit, a lamba 1777 kenan. Idan yana kan folda, mutum uku ne kawai za su iya goge fayil ko canza masa suna a ciki, mai fayil ɗin, mai foldar, sai root. Don haka a ofis ɗinku abin da zan yi shi ne sudo chown root:maaikata /srv/ofis, ka saka sunan rukuninku da inda foldar take a gaskiya, sannan sudo chmod 3770 /srv/ofis. Ukun nan na farko haɗin abu biyu ne, ɗaya na sticky, biyu na setgid wanda ke sa duk sabon fayil ya ɗauki rukunin foldar kai tsaye. Dalilin da ya sa na ce root ya zama mai foldar shi ne kar wani ma'aikaci guda ya zama yana da ikon share na kowa. Ka sani fa sticky ba ya sauka da kansa zuwa ƙananan foldodin da ke ciki, kowace sai an saka mata nata, kuma yana da ɗan tsadarsa, manhajojin da ke yin sebin ta hanyar rubuta sabon fayil su ɗora kan tsoho za su iya ƙin yin sebin idan mutum yana gyara fayil ɗin wani.

Amma gaskiya a ganina fayil ɗin albashi bai ma da hurumin zama a foldar kowa da kowa. Ka buɗe masa tasa daban, kai ne mai ita, chmod 750 idan akwai rukunin da ke buƙatar karantawa, ko 700 idan kai kaɗai ne. Wannan ya fi duk wata dabara sauƙi kuma wanda zai gaje ka a aikin zai gane abin da aka yi da kallo ɗaya.

Idan kuma akwai fayil ɗin da kake so ko root ya yi kuskure kar ya gogu, akwai sudo chattr +i sunan fayil, yana aiki a ext4, tsarin ajiye fayil a diski wanda shi Ubuntu ke zuwa da shi. Daga nan ba gogewa, ba canza suna, ba gyara, ko da sudo rm -f ne zai ce "Operation not permitted" har sai an cire da chattr -i. Wannan ba ya fitowa a ls -l, sai ka buga lsattr za ka ga i ɗin, shi ya sa yake wahalar da mutane idan wani ya saka ya manta. A Mac makamancinsa shi ne chflags uchg, wanda shi ne akwatin Locked ɗin nan da ke cikin Get Info, sannan tun OS X El Capitan na 2015 Apple sun kawo System Integrity Protection wanda ke hana ko root taɓa foldodi irin /System.

Ka riƙa karanta saƙon da sistem ya ba ka da kyau don kowanne da inda yake nunawa. "Permission denied" yawanci rwx ne na foldar, ko na wata folda da ke sama da ita a kan hanya wadda ba ka da x a kanta. "Operation not permitted" ka duba sticky ko chattr. "Read-only file system" kuma ba maganar izini ba ce sam, diskin ne gaba ɗaya aka ɗora shi a karatu kawai, ko dai saboda sistem ya ga kuskure a cikinsa ya kulle don kar ya ƙara lalacewa, ko kuma kana da Windows da Linux a kwamfuta ɗaya kuma Fast Startup na Windows ya bar fatishin ɗin NTFS, wato ɓangaren diskin da ke kan tsarin fayil na Windows, a rabin barci, sai Linux ya ƙi rubutu a kai. A nan ko ka yi chmod har gobe ba abin da zai canza, sai ka koma Windows ka kashe Fast Startup ɗin.

Wani abu kuma da ke yawan kama mutane, folda ce a cikin home ɗinka amma ta ƙi goguwa da rm -r, saboda wata rana ka yi aiki da sudo ko Docker ya ƙirƙiri wata ƙaramar folda a ciki da sunan root. Ƙa'idar ba ta canza ba, rm -r yana shiga can ƙasa ne ya fara kwashe abin da ke ciki kafin ya cire foldar, kuma a kowane mataki izinin foldar da abin ke ciki ake dubawa. Da foldar root ɗin fanko ce da ka cire ta da rmdir ba gardama tunda uwar foldar taka ce, amma da yake akwai kaya a ciki kuma ba ka da w a kanta, sai a tsaya nan. Maganinsa sudo chown -R $USER da sunan foldar, sannan ka goge a matsayinka na kanka. Na fi son wannan a kan sudo rm -rf saboda idan hannunka ya zame ka bar tazara a inda bai kamata ba, chown ana iya gyara ɓarnarsa, rm kuwa babu. Masu shafin intanet ma suna gamuwa da irin wannan idan hotunan da aka loda ta WordPress suka zama na www-data, akawun ɗin da sabar shafin ke aiki da shi, su kuma suna shiga ta FTP da wani akawun daban. Dan Allah kar a ce maka ka yi chmod -R 777 ka yarda, zai gogu ɗin amma ka buɗe wa duk wani abu da ke gudana a sabar ƙofar rubutu da gogewa.

Yanzu mu koma Windows, a nan tsarin ya bambanta kuma ya fi yawan rassa. NTFS, wanda ya zo da Windows NT 3.1 a 1993, shi yana da izinin gogewa na musamman, kuma har guda biyu ne. Akwai Delete wanda ke kan fayil ɗin kansa, akwai kuma Delete subfolders and files wanda ke kan foldar da yake ciki, kuma ɗaya daga cikinsu ya isa a goge. A shafin Security abubuwa shida kake gani, Full control, Modify, Read & execute, List folder contents, Read, da Write, amma waɗannan dunƙulallu ne, sai ka shiga Advanced ka danna Show advanced permissions za ka ga ƙananan da ke cikinsu. Write shi kaɗai ba ya ba da gogewa. Modify yana ɗauke da Delete. Full control kuma yana ɗauke da duka biyun har da ikon canza izini da karɓe mallaka. Shi ya sa za ka ga mutum ya je kan fayil ya saka Deny a Delete ya koma ya kwanta hankali kwance, alhali ya bar wa mutanen Full control a kan foldar, sai su goge shi ta ɗaya ƙofar. Kusan abin da ya same ka a Ubuntu kenan. A foldar ofis ma'aikata Modify ya ishe su, Full control na mai kula da sistem ne.

Akwai masu cewa toh bari kawai in cire wa kowa Delete in bar musu Write. Na fahimci niyyar amma sai ka shirya wa ƙorafi, domin a Windows canza wa fayil suna ma yana buƙatar Delete, mutum zai ƙirƙiri New folder ya kasa saka mata suna. Sannan Word da Excel idan za su yi sebin suna rubuta fayil na wucin gadi ne, su kawar da tsohon, su mayar da sabon sunansa, don haka idan babu Delete sai sebin ya riƙa ba da matsala foldar kuma ta cika da tarkacen .tmp da ba mai iya sharewa. Abin da ya fi dacewa shi ne ka ba rukunin damar karatu da ƙirƙirar sabon abu, sannan ka ba CREATOR OWNER izinin Modify a kan Subfolders and files only, ta haka kowa zai iya goge abin da shi ya ajiye amma ba na wani ba. Shi ne kwatankwacin sticky a wannan ɓangaren.

Ita kuma tsohuwar foldar taka ta D:, ga abin da nake ganin ya faru. Windows bai san ka da suna ba, da wata doguwar lamba ya san ka mai farawa da S-1-5-21, ana ce mata SID. Da aka yi maka fomatin aka sake buɗe akawun, ko da sunan iri ɗaya ne da na da, lambar sabuwa ce, ita kuwa foldar har yanzu tsohuwar lambar take riƙe da ita. Ka danna dama a kanta, Properties, Security, ina da yaƙinin za ka ga Account Unknown da wannan doguwar lambar a gefe. Zamanka admin kuma ba ya nufin kana da izini a kan komai, yana nufin kana da ikon ƙwace mallakar komai ne, sai ka ƙwata sannan ka ba kanka izinin. Ga kuma UAC da ya zo tun Windows Vista, wanda ke sa ko admin yana aiki ne da ƙaramin iko har sai ya ce Run as administrator.

Hanyar linzami ita ce Security, Advanced, a sama wajen Owner ka danna Change ka rubuta sunan akawun ɗinka, ka saka alama a Replace owner on subcontainers and objects, ka yi OK ka rufe komai. Sai ka sake buɗewa, ka ƙara kanka da Full control, ka saka alama a akwatin ƙasan nan mai cewa Replace all child object permission entries with inheritable permission entries from this object. Mutane da yawa a matakin farko suke tsayawa su ce bai yi ba, alhali zama mai folda ikon canza izini kawai yake ba ka, ba ya ba ka gogewa kai tsaye. Idan ka fi son rubutu, buɗe Command Prompt da Run as administrator ka buga takeown /f "D:\Tsohuwa" /r /d y sannan icacls "D:\Tsohuwa" /grant Administrators:F /t sannan rmdir /s /q "D:\Tsohuwa". Ka duba sunan sau biyu kafin na ƙarshen nan don ba ya biyawa ta Recycle Bin.

Wannan na foldar bayananka ce fa. Idan saƙon cewa ya yi kana buƙatar izini daga TrustedInstaller, toh ka tsaya, wannan akawun ne na Windows kansa da ke riƙe da fayilolin sistem, kuma an yi haka ne da gangan don kar kai ko wani bairos da ya shigo da sunanka ku taɓa su. Kar ka yi takeown a kan C:\Windows, ko WinSxS, ko WindowsApps, na ga kwamfutocin da aka kawo gyara bayan an yi musu haka, Start ya daina buɗewa, ofdet ya daina shiga, ƙarshe sai da aka sake loda Windows. Idan Windows.old ce ke cin maka wuri ka bi ta Settings, System, Storage, Temporary files ka zaɓi Previous Windows installation, ko Disk Cleanup tare da Clean up system files, in ka ƙyale ta ma Windows na share ta da kansa bayan kwana 10.

Idan ka gyara izini kuma har yanzu ya ƙi, ka sake karanta saƙon. "The action can't be completed because the file is open in another program" ba izini ba ne, wata manhaja ce ke riƙe da fayil ɗin, Windows kuwa ba ya bari a goge abin da ke buɗe sai in manhajar ta yarda tun sanda ta buɗe shi. Buɗe Resource Monitor, shafin CPU, wajen Associated Handles ka rubuta sunan fayil ɗin zai nuna maka mai riƙe da shi. Linux akasin haka yake, zai bar ka ka cire sunan ko da fayil na buɗe, amma wurin ba zai dawo ba sai manhajar ta sake shi, shi ya sa wani zai goge ƙaton log ya ga df, umarnin duba wurin da ya rage, har yanzu yana cewa diski a cike yake. Shi kuma akwatin Read-only na Properties ba tsaro ba ne ko kaɗan, alama ce kawai da duk mai ikon rubutu zai cire, File Explorer yana goge irin waɗannan fayilolin, del ne ke ƙi sai ka ƙara masa /f.

Filash da katin memori kuwa mafi yawansu FAT32 ne ko exFAT, waɗannan babu mai fayil babu izini a cikinsu kwata-kwata, shi ya sa ba ka ganin shafin Security a Properties ɗinsu, duk wanda ya soka zai iya share komai. Idan filash ya ce "The disk is write-protected" ka duba ɗan makunnin gefen katin SD ko adaftarsa, ka gwada diskpart da attributes disk clear readonly bayan ka zaɓi diskin da ya dace, idan duk bai yi ba toh sau da yawa filash ɗin ne ya gaji ya kulle kansa, ka kwashe kayanka tun yana karantuwa. Wanda kuma ka kai bizines senta firintin ka dawo ka ga foldodinka sun ɓace sai shotkot, ba goge su aka yi ba, bairos ne ya ɓoye su, attrib -h -r -s /s /d E:\*.* yana fito da su idan E: ne harafin filash ɗin. A foldar da aka raba ta netwok kuma izini hawa biyu ne, na Share da na NTFS, wanda ya fi tsauri shi ke aiki, kuma abin da aka goge ta netwok ba ya shiga Recycle Bin ɗin kowa, haka ma na filash.

Game da fayil ɗin albashin da ya riga ya tafi, kafin komai a rage rubuta sabon abu a diskin nan. Ka tambayi abokin aikin naka ta yaya ya goge, cikin lalama, don mai yiwuwa ma bai san ya yi ba. Idan ta manhajar Files ya danna Delete, akwai yiwuwar yana kwandon shararsa, ku duba ~/.local/share/Trash/files a akawun ɗinsa, in kuma foldar a wani diski daban take ku duba ɓoyayyar folda mai suna irin .Trash-1001 a saman diskin, lambar ita ce uid ɗinsa, wato lambar akawun ɗinsa. Idan akwai manhajar da har yanzu take riƙe da shi a buɗe, sudo lsof +L1 zai nuna, kuma ana iya kwafo shi daga /proc ta lambar manhajar kafin a rufe ta. Idan rm ya yi kuma ba mai riƙe da shi, sai a gwada PhotoRec a riƙa ajiye abin da ya tono a wani diski daban, amma in SSD ne kar ka sa rai da yawa saboda TRIM yana share wuraren da aka saki. Duk abin da na lissafa a sama na izini ba ya dawo da abin da mai izini ya goge da hannunsa, kai kanka kana ciki, don haka ku saka rsync ya riƙa kwafe foldar nan kullum zuwa wani diski da ma'aikata ba su da w a kansa.

Ka turo min abin da ls -ld ya nuna a kan foldar ofis ɗin, da abin da id ya nuna a akawun ɗin abokin aikin naka, da kuma icacls "D:\sunan foldar" daga laftof ɗin, ka rufe sunayen mutane kafin ka turo, sai in faɗa maka ainihin layin da za ka canza insha Allah.